Na dawo na bar Kawu a tsohuwar elementarensu

Muna idar da sallar asuba muka bar Anka, ni da Kawu, yayan Innata, da wani maƙwabcinmu mai mota. Jaje za mu kai garin da aka haifi Kawu, tsakanin Bukkuyum da Gummi. 'Yan bindiga sun ƙone shi bara, mutane suka watse, sai bayan kaka suka fara komawa.

Hanyar ta lalace, ga shingayen jami'an tsaro, kowane sai an sauke gilashi an gaisa. Direbanmu ya ce ramukan nan ya san su kamar 'yan ɗakinsu. Kusa da Bukkuyum muka tsaya shan fura wurin wata Bafulatana. Kawu ya ce furar zamani duk ruwa ce, amma sai da ya ga ƙasan ƙwaryar.

Da hantsi muka shiga garin. Bangaye sun yi baƙi, rumbuna sun zube. Amma ko'ina tubali ne aka jera a rana, maza na kwaɓa ƙasa, mata na jido ruwa. Bayan mun yi wa mai gari jaje, Kawu ya ce a kai shi makaranta.

Elementare ce da En'e, hukumar gargajiya, ta gina tun zamanin Turawa, da dutse, bangonta mai kauri. Rufin ya ƙone, bango na tsaye. Kawu ya dafa shi ya ba ni labarin yadda ya shigo nan. Dogarai ne suka zo ɗibar yara, kakata ta ɓoye shi cikin rumbu, ƙaiƙayi ya sa shi atishawa aka zaro shi. Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Daga ajin nan ya zama malami har ya yi ritaya.

Ashe gardama muka tarar. Samari na so a rushe ginin a ɗebi duwatsun a yi katanga a bakin gari, don malamai sun gudu, kuma tsoro bai ƙare ba. Wata mata da aka kashe mijinta a harin ta tsaya a ƙofar ajin da goyo, ta ce, "In kunka rushe, ɗiyanmu ina za su? Gummi? Wa ka kai su bisa wagga hanya?"

Mai gari ya dubi Kawu. Kawu ya ce wa samarin, "Kuna da gaskiya, katanga dole ta. Amma duwatsun ga daga tudun bayan gari anka ɗebo su, ubana na cikin waɗanda anka tilasta ɗauka. Tudun na nan. Ku ɗebo can, ku bar min wanga. Zancen malami kuwa, ga ni, har su dawo."

Ba kowa ya ji daɗi ba, amma aka bar ginin. Kafin la'asar an fara kawo azara, ni ma na ɗauki ɗaya, kafaɗata ta yi kwana da kwanaki tana tuna min. Muka bar Kawu a garin, muka kwana a Gummi wurin dangi, muka ci soyayyen kifin gulbi, da safe na sayo alli muka biya muka kai masa. Mun same shi a inuwar bango, yara zaune a ƙasa suna bin sa da baki.

Da na isa gida Inna ta leƙa bayana ta ce, "Ina yayana?" Na faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta ɗauro maganin hawan jininsa da bargo, ta ce in ba motar ranar kasuwa ta kai masa.

Na tafi da shirin rarrashin mutane. Na tarar ba rarrashi suke jira ba, hannu suke nema. Wanda zai kai jaje irin garuruwan nan, ya tafi da tufafin aiki.