Kan Yumɓu a Ajin Malama Badi'a

An haifi Badi'a a Jama'a, cikin ƙasar Gwarzo, a gidan da kakanni makiyaya ne amma iyaye suka zauna suka kama noma. Mahaifiyarta, Inna Hajaratu, zanen ƙorai take yi. Takan sa wuƙa a garwashi ta yi ja, ta bi bayan ƙwarya da ita, ta raba ta gida takwas ko goma sha biyu ba tare da awo ba, kuma duk su fito daidai. Badi'a ta tashi tana ganin haka, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ta yi karatu ta zama malamar lissafi, ta auri Sagiru mai gyaran injin ban-ruwa a Gwarzo, aka tura ta wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Kabo. Shekara shida tana zuwa tana dawowa a motar haya. Mace ce mai sanyin murya. Ko a ɗakin malamai in musu ya tashi, sai ta kwashi littattafanta ta koma aji.

A shekara ta bakwai aka tura ta bita Kano. Ranar ƙarshe aka kai su gidan adana kayan tarihi, aka ce kowa ya nemi abin da zai koyar da darasinsa da shi. Nan ta ga wata tsohuwar ƙwarya cikin gilashi, zanenta irin na Inna. Ta ƙirga gidajen, goma sha biyu ne, wato kowanne digiri talatin. Ta ɗauki hotonta a waya, ta ɗauki na ƙofa mai sassaƙa da na zanen dagi a bango. A littafin bitar kuma akwai hoton wani kan mutum na yumɓu, irin waɗanda ake tonowa a ƙasa, shi ma ta haɗa da shi. Da ta dawo ta kai aka wanke mata su manya-manya.

Abin ya karɓu. 'Yan bayan aji da ba sa ɗaga hannu suka fara rige-rigen fitowa allo su auna kusurwa a jikin ƙwarya. Wata Litinin, tana koyar da kwatanta tsawo da faɗi, sai ta manna hoton kan yumɓun a ƙasan allo, ta ce su zo da rula su auna tsawon fuskar da faɗin ido. Yaran suka yi ta dariyar ƙofofin hancinsa. Darasin bai fi na minti goma ba.

Ranar Laraba da safe tana shirin fita, Sagiru ya miƙo mata wayarsa. Saƙon murya ne da ke yawo. Wani mutum da ba ta san muryarsa ba yana cewa akwai malama a Kabo da ta kafa wa 'ya'yan Musulmi gunki a aji, tana sa su sunkuya a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Bai faɗi suna ba, amma ya ce mai lissafi ce, daga Gwarzo take zuwa.

Sagiru ya ce, "Ki zauna a gida yau."

Ta ce, "In ban je ba, za a ce gaskiya ne na gudu."

A motar haya maganar ake yi. Wani a gidan gaba ya ce shi ya ji har sunan gunkin ta koya musu. Matar da ke gefen Badi'a ta juyo ta tambaye ta ko ta ji labarin. Badi'a ta ce ta ji. Ambulan ɗin hotunan yana kan cinyarta ƙarƙashin hijabi, ta danne shi da hannu biyu har suka isa Kabo.

Shugabar makarantar, Hajiya Ummukulsum, tana bakin ƙofa tana jiranta. Ta ja ta ofis ta murza makulli, ta sa aka sallami yara ta ƙofar baya. Kafin ƙarfe goma mutane sun fara taruwa a waje. Daga ofishin ba a ganinsu, sai muryoyi da bugun ƙofar ƙarfe. Can dutse ya faɗo a kan kwano, wani ya biyo shi. Badi'a ta zauna a ƙasa jikin kabad, ta ciro hoton kan yumɓun za ta yayyaga.

Hajiya ta riƙe mata hannu. "Kar ki kuskura, Malama. In kin yaga shi, me za mu nuna? Za su ce mun ɓoye na ainihin."

Hajiya ta riga ta kira 'yan sanda, ta kuma kira Malam Datti, limamin unguwar kuma shugaban ƙungiyar iyayen yara. Shi ya riga isowa, tsoho mai dogara sanda. Ya shigo tare da wani magidanci, Dalhatu, wanda 'yarsa ke ajin Badi'a, yana cikin masu ɗaga murya a waje. Malam Datti ya zauna ya gaisa da Hajiya, ya tambayi gida da aiki da yara, kamar ba abin da ke faruwa. Sannan ya dubi Badi'a.

"'Yata, ina abin da ake magana a kai?"

Ta baje hotunan a tebur. Ya ɗauki na kan yumɓun, ya nesanta shi da idonsa ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ne? Takarda?"

"Shi ne, Allah ya gafarta Malam."

"Sunkuyawar fa?"

"A ƙasan allo na manna shi, Baba, don gajerun ciki su kai. Awo suke yi da rula."

Dalhatu ya ce shi dai 'yarsa ta gaya masa sun durƙusa a gaban wani mutum-mutumi. Malam Datti ya tambaye shi ko ya ji ta bakin yarinyar abin da suka durƙusa yi. Dalhatu ya ce bai tambaye ta ba.

Tsohon ya ce wa Badi'a, "Ba bauta ba ce, wannan na gani. Amma kin san garin da kike. Da kin nuna wa wani babba kafin ki kai wa yara, da ba mu zo nan ba."

Ya ɗauki hoton da rula ɗaya, ya sa Dalhatu a gaba suka fita. Badi'a tana jin muryarsa sama-sama, wasu suna katse shi. Wani ya ce a fito da ita ta yi bayani da bakinta, sai ta kama ƙafar tebur ta riƙe. An fi awa guda a haka. Motar 'yan sanda ta iso, aka kira sallar azahar, mutane suka fara raguwa. Hajiya ta fitar da ita ta baya a motarta, Badi'a tana kwance a kujerar baya an rufa mata zane, ba ta ɗago ba sai da suka shiga Gwarzo.

Mako uku ta yi a Jama'a wajen Inna, ba ta leƙa ko zaure. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta shige ɗaki. Bayanin Malam Datti ma an naɗe shi a waya an tura, amma bai yi nisan da na farkon ya yi ba, kuma ba a taɓa gano mai muryar ba. Sagiru ya so ta ajiye aikin. Ita kuwa canjin makaranta ta nema, aka dawo da ita cikin Gwarzo.

Tana nan tana koyarwa har yanzu. Ba ta daina amfani da hotuna ba, sai dai babu mai fuska a cikinsu, kuma kowane zango takan kai su gaban shugaban makaranta da wakilin iyaye su gani tukuna. Yara suna son ajinta. Abokan aikinta na yanzu da yawa ba su san abin da ya faru a Kabo ba, sun dai lura cewa ba ta zama nesa da ƙofa, kuma in an tashi ba ta fita ita kaɗai, sai ta tsaya ta jira sauran malamai mata su gama.