Abincin Mutanen Ruwa

A shekarar farin nan da gero ya bushe a tsaye, ina Nguru ina sayar da bandar kifi, aka aiko mini daga Gashuwa wai in zo, za a mayar da jikana gida. Na ce wane gida kuma, yaron da ke ɗakin ubansa? Aka ce kogi.

Yaron ɗan 'yata ne. An yaye shi da daɗewa amma bai zauna ba, bai yi rarrafe ba, wuya ba ya ɗaukar kai. Sai masana na gidan mijinta suka zauna suka gano cewa ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne aka musanya tun a ciki. Babbar masaniyar ita ce uwar mijin, wadda ko zazzaɓin akuya ba ta taɓa warkarwa ba.

Na same shi a bayan randa, kan tsumma, ƙudaje na yi masa zaman gaisuwa. Ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. 'Yata na gefe tana kuka ba sauti, don an hana ta ɗaukarsa.

Na dubi uwar mijin na ce, "Yaya, me yake ci?"

Uwar mijin ta ce, "Ke ma dai! Irinsu da dare ake ciyar da su a can ƙasan ruwa."

Na ce lallai masu ciyarwar nan marowata ne.

Al'adar ita ce tsohuwa ta kai shi bakin kogi da abin sallama, ta ajiye, ta juya baya, shi kuwa ya rikiɗe maciji ya sulale. Kowa ya ce ƙafarsa na ciwo, sai ni baƙuwa. Na karɓa. Gidan da aka ce babu ko tsabar gero, sai ga ƙwaryar nono, ga dafaffen ƙwai, ga tarwaɗa an gasa. Ƙwan da ake hana yara wai kada su tashi da sata, aljani an yarda da tarbiyyarsa.

Da hantsi na goya shi muka sauka. Kogin ma ya janye, ko macijin kirki ba zai samu wurin nitsewa ba. Ban juya baya ba. Na jingina shi a cinyata, na murje gwaiduwa a nono, na ɗiga masa. Bakin nan ya kama yatsana, Allah shi ne shaida, har sai da na ji zafi. Na jira rikiɗa. Gyatsa ya yi, ya yi barci.

Na dawo da shi a bayana. Duk tsakar gida aka zuba mini ido.

Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Sun ƙi karɓa. Sun ce da ƙibarsa suka ba ku, ba za a mayar musu da ƙashi ba. A ci gaba da kai abin sallama har ya murmure."

Uwar mijin ta riƙe baki. "Da bakinsu suka gaya miki?"

"Gobe ki zo mu je, Yaya, ki ji da kunnenki."

Ƙafar tata ta sake tashi da ciwo.

Haka muka yi ta sauka kogi, ni da shi, daga baya har da uwarsa, wai mai riƙe mini ƙwarya. Abin da tausayi bai fitar daga rumbu ba, tsoro ya fitar da shi kullum, har da man shanu. Kumburin ya saɓe, gashi ya yi baƙi. Wata ungozoma a asibitin garin ta nuna mana yadda ake dama kunun gyaɗa da garin kifi, da yadda ake tokare masa baya da buhun ƙaiƙayi. Kafin ruwa ya dawo kogi yana zaune, yana dariya in an kira shi.

Bai taɓa tafiya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma ranar da ya miƙa hannu ya fizge carbin uwar mijin ya ce mata "Kaka", sai ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita dama tun ran suna ta ga hancin gidansu ne.

Na ce, "To, a sanar da mutanen ruwa sun yi asara?"

Ta ce, "A daina kai musu. Ƙwan a riƙa dafa masa a nan."