Sambo Mai Fenti da Inuwar Ƙwayar Gero

Da rana ta leƙo, Sambo Mai Fenti yakan fito bakin rumfarsa a tashar Tambuwal ya tsuguna yana kallon ƙasa. Ba wani abu ne ya ɓace masa ba. Inuwa yake kallo: ta tsakuwa, ta tururuwa, ta ƙwayar dawa da ta zube daga buhu. Sai hantsi ya yi ya miƙe ya dama fenti. Shekara ashirin da bakwai yana haka, har bana da ido ya gaza ya ajiye burushi.

Rumfar da ke kallon tasa ta Atiku ce, shi ma mai fenti, ya kuma riga Sambo zama a tashar. Lokacin da aka kafa jihar Sakkwato, arzikin mai ya cika hanyar Dogon Daji da motocin katako, kowane direba yana son zanen zangarniyar gero a bayan motarsa. Ta Sambo kuwa ake so. Geronsa kowace ƙwaya da 'yar inuwarta, har mutum ya kai hannu ya shafa. Marka mai fura ta rantse ta ga akuya tana lasar katakon. Atiku sai ya kwana biyar da tsinke yana ɗiga inuwa ƙwaya-ƙwaya. Sambo kafin azahar ya wanke hannu.

Abin ya tsaya wa Atiku a wuya. Ya ce aljanu ke yi wa Sambo aiki. Ya ce fentinsa ba ya kai damina biyu. Ko furarsa yakan manta da ita a gabansa.

"Malam Atiku," in ji Marka, "sha furarka. Hararag ga taka ba ta fasa zana."

Ashe ta fasa. Wata rana ya zaga ta baya ya leƙa ta ɓular zanar rumfar Sambo, ya ga abin da ya kusa sa shi kuka don sauƙinsa. Zangarniya ce ta gaske Sambo ke tsomawa cikin baƙin fenti ya mirgina a kan katako. In ya bushe, ya tsoma ta cikin rawaya ya sake mirginawa, ya ɗan goce kaɗan. Shi ke nan. Mirgina biyu, ƙwaya dubu.

Atiku bai gaya wa kowa ba. Da Bube direba ya kawo sabuwar motarsa ya tarar da layi wajen Sambo, sai Atiku ya ja shi gefe ya ce a ba shi yini ɗaya. Ya mirgina baƙi, ya mirgina rawaya, ya goce ta ƙasa, don bai san gocewar tana da alƙibla ba. Inuwa ta hau saman kowace ƙwaya.

Kwana biyu Bube ya dawo daga kasuwar Kebbe da mota wayam, yana ihu tun daga bakin tasha.

"Malam Atiku, mi nay yi maka? Geron ga duk huji na! Manoman Fakku sun ce ba su aza hatsinsu bisa motar da ta ɗauko hoton gero mai ƙwari. Ko buhu guda ban samu ba!"

Atiku ya ja baya ya duba. Gaskiya ne, daga nesa kowace ƙwaya rami ce. Direbobi suka taru suna dariya, ya kuma san in motar nan ta sake fita haka, babu mai sake tsayawa a rumfarsa.

Kai ne, Sambo, ka aje aikinka ka ƙetaro. Ka san an leƙa ka, ka san abin da aka faɗa a kanka. Ka ce wa Bube ya je ya ci abinci ya dawo da la'asar. Sannan ka tsuguna ka aje tsakuwa a tafin hannun Atiku.

"Atiku, ina rana take?"

"Bisa."

"To ina inuwat tsakuwag ga?"

Atiku ya duba, ga ta a ƙarƙashi.

"Rawayar bisa zaka goce ta, baƙin shi leƙo ta ƙasa. Ai da ka biyo ta ƙofa da na gwada maka tun bara."

Ba ka taɓa katakon ba. Da hannunsa ya shafe ya sake, kana tsaye. Da Bube ya dawo ka ce aikin Atiku ne, kuma ka rantse a kai ba ka yi kaffara ba.

Kada mai karatu ya zaci kishin ya mutu. Wani sabon kishin ma ya ƙaru a kai. Atiku ne ya matsa a rubuta wannan jinjina, da aka tambaye shi abin da za a sa, ya daɗe yana murza gemu.

"Rubuta na gode," ya ce. "Ka kuma rubuta na fi jin zafin kirkinai bisa ga iyawatai. Iyawar na koya."

Sambo na Tambuwal, mai ba ƙwaya inuwarta, mun gode. Allah ya sanyaya idon da ya ƙare a kallon abin da muke takawa. Ku kuma masu sana'a, duk wanda Allah ya ba wata dabara, ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa tun yana da ido, ko da maƙwabcin irin Atiku ne.