Turmin da Ya Rage Tsakanina da Bawa

Bari in sauƙaƙa muku tun da wuri: in kuna neman wawa a cikin labarin nan, kada ku wahala, ni ne. Ni Labbo mai kilishi na bakin tasha, wanda ya tsaya a aji huɗu na firamare amma yake tafiya kamar shi ya gina makarantar. Hannun daman da nake riƙe da biron nan kuwa, ku sa masa ido, don a kansa maganar za ta ƙare. An yi lokacin da ko cokali ba ya iya ɗauka.

Duk wanda ya zauna Ƙauran Namoda ya san marigayi Bawa mahauci, ya kuma san irin gaisuwar da yake yi mini. Mutanen kirki su ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Shi kuwa da ya hango ni, ko daga tsallaken titi ne, sai ya ɗaga yatsa sama ya ƙwala: "Labbo! Saura turmi guda!" A kasuwa haka, a wurin ɗaurin aure haka, a filin idi ma da an shafa addu'a haka. Har sunansa ya koma Bawa Saura-Turmi, yara na kira yana amsawa.

Saboda jikokinmu da ba su san komai ba sai ƙwallo, bari in yi bayani, tun da ni ne mai ilimin. Dambe turmi uku ne, wato karawa uku. Ana dunƙule hannu ɗaya a naɗe shi da ƙyalle, a bi da igiya tamau, shi ake ce wa kara. Ɗaya hannun a buɗe yake, shi ne garkuwa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da ya tashi yana dariya.

To, muna samari, wata kaka an gama yankan gero, aka haɗa ni da Bawa a filin bayan tashar jirgin ƙasa. A lokacin ana ce mini Guguwar Galadi. Gaskiya ni na raɗa wa kaina sunan, amma dai ana faɗa. Turmin farko muka yi ta zagaye muna hararar juna, ba kisa. A na biyu ya sakar mini wani naushi a kunnen hagu, wallahi ina tsaye a Ƙaura na ji hayaniyar kasuwar Shinkafi. Amma ban faɗi ba, a rubuta wannan da babban baƙi! Muna gyara tsayuwa za mu shiga na uku, sai wani bajimin sa daga cikin shanun da ake lodawa a jirgi ya tsinke igiya ya yo kan taro. Makaɗa suka zubar da kalangu, 'yan kallo suka watse. Ni kuwa na nufi wata tsamiya da gudu, na manta hannuna a naɗe yake. Jama'a, dunƙulallen hannu ba ya kama reshe! Na yi tsalle na naushi tsamiya, na zamo, na sake tsalle na sake naushinta, daga ƙarshe na zube cikin rumfar wata mai kunun zaƙi, da ni da tukunya.

Da na leƙo, kunu na bin gemu, sai ga Bawa shi kaɗai a tsakiyar fili, garkuwa a miƙe, ko gezau.

"Ina kat tahi?" in ji shi. "Taho mu ƙare! Sa ba shi raba dambe!"

Na ce masa magariba ta yi. Tun daga ranar nake gaya wa mutane cewa bajimin san nan ne ya ceci Bawa daga hannuna, shi kuma tun daga ranar yake bin turminsa. Shekara arba'in da 'yan kai!

Ranar sunan ɗana na fari ya zo da sassafe, ya ci waina ya ƙoshi, ya karɓi goro, ya yi addu'a mai tsawo har na fara jin daɗi. Sai ya dafa kafaɗata a gaban surukaina ya ce, "Allah shi raya. To Labbo, yanzu ka samu magaji, ko an kashe ka gida bai mutu ba. Saura turmi guda."

Igiyar karan da ya naushe ni da ita kuwa ba ta taɓa barin aljihun rigarsa ba. Ba ya ba da aronta, ba ya sayen sabuwa, wai sabuwar igiya ba ta san kunnena ba. Ran nan ya tuɓe riga zai yi wanka, matarsa Kulu ta rasa abin ɗaure akuya, ta zaro ta. Maƙwabta sun ce har bakin rijiya ana jin muryarsa.

"Kulu! Kin san da mi kinka ɗaure akuyag ga?"

"Da igiya."

"Igiya? Wagga da tas sha kunnen Guguwar Galadi?"

"To ai yau ta samu aikin kirki," in ji Kulu.

Bawa ya rantse cewa tun daga ranar akuyar ta sauya hali, ba ta ƙara ganin mutum ya duƙa ta ƙyale shi ba. Ni shaida ne, don ni ta fara gwadawa.

Da aka buɗe gidan kallo a unguwarmu, samari suka ja shi wata Asabar da rana ya ga damben Turawa a talabijin. Ya zauna a bencin gaba ya ƙura ido, can sai ya ce, "Mi sunka ɗaura ga hannu? Matashin kai? Hwaɗa za su yi ko kwana?" Da aka buga ƙararrawa kowa ya koma kusurwa ana yi masa fifita ana ba shi ruwa a baki, ya ce saura a kawo musu fura da tabarma. Amma da aka sako irin wanda ake haɗa naushi da shuri, nan ya gyara zama. "Yawwa! Waɗanga sun san ƙahwa ba don tahiya kaɗai anka yi ta ba." Ya miƙe yana ba na cikin akwati shawara, "Haƙarƙari, kai! Haƙarƙari!" Garin nuna yadda ake yi ya shuri benci, mutum biyar suka kife. Mai gidan kallo ya roƙe shi don girman Allah ya riƙa kallo daga taga.

In kana son ka ga Bawa ya yi laushi, to ka ambaci Bahagon Gurbin Bore. Wani ɗan guntun manomi ne, ba shi da jiki ba shi da kirari mai tsawo. A can baya, tun mutum na tafiya Zurmi ba ya waige, duk kaka akan yi babban dambe a can, wani ƙato kuma kan zo daga tsallaken iyaka, ana ce masa Dogon Arewa. Ni nasa ne, don ni ba na son wahala, mai ci nake bi. Duk shekara Bahago sai ya fito wa Dogo, duk shekara Dogo sai ya shimfiɗe shi. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya miƙa masa hannu ya ce, "Sai baɗi." Mu yi ta dariya, Bawa kuwa ya shiga fili ya share masa ƙasar baya da hularsa.

Na ce, "Kai Bawa, cikin mazan duniya ka rasa gwani sai wanda ya fi sanin ɗanɗanon ƙasar Zurmi?"

Ya ce, "Ɗan boko, ba ka gane ba. Hwaɗuwa ba ta kashe namiji. Ƙin tashi ka kashe shi."

Shekarar da abin mamaki ya faru ina wurin. Turmi biyu Dogo na kai duka kamar mai sussuka, Bahago na gocewa. A na uku Bahago ya ɗaga garkuwa kamar zai kare fuska, Dogo ya biyo ta, sai Bahago ya sakar masa ƙafa a haƙarƙari, kafin ya miƙe ya bi shi da hagu a haɓa. Dogo ya zube kamar rumbun da gara ta ci. Kai, filin nan ya tashi! Bawa ya shiga yana kuka wiwi, ya cire hula ya ba Bahago, ya cire babbar riga ya ba shi, bayan ya zare igiyarsa daga aljihu, ya cire takalmi ya ba shi. Da singileti ya dawo Ƙaura a bayan motar gero, Kulu ta ɗauka ɓarayi ya gamu da su.

Yanzu mu zo kan hannu. Shekarun baya kaɗan hawan jini ya kayar da ni a bakin aikina, wuƙa a hannu. Da na farfaɗo, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo a hankali, baki ya daidaita, amma hannu ya ƙi, yana rataye kamar na aro. Mai kilishi kuwa hannunsa ne gonarsa, in ba zai iya yanka nama falle-falle ba, ya tashi aiki. Likita ya ba ni wata 'yar ƙwallon roba ya ce in riƙa matsawa. Na gwada, ta faɗi, na sake gwadawa, ta faɗi, na sa aka ba jikoki. Na juya fuska bango na ce a sayar da wuƙaƙena. Masu dubiya na shigowa da murya ƙasa-ƙasa, "Sannu Malam Labbo, Allah shi sa kaffara ne," kamar masu yi wa gawa sallama.

Sai ga Bawa da hantsi. Ko sannu bai ce ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Labbo, wagga wace sabuwad dabara ta? Da can bayan bajimin sa kal laɓe, yanzu katihwa?"

Na ce, "Bawa, ka ji tsoron Allah. Ba ka ga halin da nike ciki ba?"

"Na gani. Na ga matsoraci kwance. Kawo hannun."

Ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya kama yatsuna yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe da ƙyalle, ya zaro igiyar nan da ko ɗansa bai taɓa ara wa ba, ya ɗaure mini kara. Ya buɗe tafinsa a gabana ya ce, "Buga." Hannu bai motsa ba. Ya ce, "Ƙuda ma ya hi ka." Ya kwance, ya murza yatsun da man shanu yana zagina, ya tafi. Washegari ya dawo. Jibi ya dawo. Da ya ga na fara sabawa da zagin, sai ya zo da makaɗi, aka tsaya a ƙofar ɗakina ana kaɗa mini take da kalangu, shi kuma yana kirari: "Guguwar Galadi, mai naushin tsamiya! Na mai kunu, sha da gemu!" Matan gida na dariya har da riƙe ciki.

Ni fa wallahi haushi nake ji na gaske. Na ce mutumin nan ba shi da imani, so yake ya kashe ni a dambe ko da a kan gadon mutuwa ne. In ya tafi, sai in sa a karɓo mini ƙwallon nan daga hannun jikoki, in yi ta matsa da cije baki, ba don kilishi ba, ba don likita ba, don kawai in samu in fasa wa Bawa hanci. Rani ya wuce muna haka, bazara ta shigo. Yatsu suka fara jin magana, gwiwar hannu ta fara lanƙwasuwa.

Wata safiya ya miƙo tafi kamar kullum yana cewa, "Buga, amaryar katihwa." Na tattara duk haushin da na tara, na bar tafin na auna ƙirji. Tim! Sai ga Bawa a ƙasa, ƙafafu sama, kujera gefe.

Na yi ihu, "Na kashe shi! Jama'a ku shaida, na kashe shi!"

Ya tashi zaune yana tari, idonsa ya cika da ruwa, na ɗauka zafin naushi ne. Ya daɗe yana kallon hannun nan, sannan ya ce, "Zaune nike, ba a ƙirga wanga. Saura turmi guda. Tashi ka koma ga wuƙarka, in an yanke gero mu haɗu."

Na koma bakin tasha kafin damina ta yi nisa. Yankan farko ya fito da kauri kamar takalmi, Bawa ya saya ya ce zai yi wa jakinsa linzami. Amma ba mu kai yankan gero ba. Gero na fitar da kai zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Da hannun nan na kama makararsa, da shi na zuba masa ƙasa.

Allah ka jiƙan Bawa, ka yafe masa, ka sa ƙasar da ya kwanta a cikinta ta yi masa laushi. Yadda bai taɓa ganin na ƙasa ya wuce ba, ya Allah kada ka bar shi kwance ranar da ƙafafu ke rawa. Ka tashe shi cikin masu farin ciki, mu kuma ka kyautata namu zuwan.

Bayan sadakar arba'in Kulu ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka daga bayan labulen zaure ta miƙo mini wani ƙulli, ta ce shi ya ce a ba ni. Na kwance, igiyar ce. Na yi ta juya ta a hannu, ga 'ya'yansa zaune suna kallona, sai na ce bari in rufe da wasa.

Na ce, "To Kulu, ki shaida. Bawa ya bar fili bai ƙare ba, ya kuma miƙo makami. A dokar dambe, ni Guguwar Galadi, ni nac ci."

Sai ta ce, "Malam Labbo, kai da kay yi boko. Da turmin nan shika so, ai kwance yat tarad da kai."