Madallar Mai Kunne

A garejin da ke bayan tashar manyan motoci, duk wanda ya tambayi mai gyaran wayarin mota, rumfar ƙarshe ake nuna masa, a ce, "Je ka wurin Mai Kunne." Sunan ba na zolaya ba ne, da guminsa ya samo shi. Yana da wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako. In aka tayar da inji sai ya ɗora bakinta a jikin altaneta, wato abin da ke cajin batir in mota na tafiya, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Yana buɗe idon zai ce boris ne ya ci, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kai, ko kuwa ba komai, bel ne ya yi sako-sako. A kwance a duba, a tarar haka ne. Da wannan kunnen ya gina ɗakuna biyu, ya aurar da 'ya'ya, ya riƙe ƙaninsa Auta tun rasuwar mahaifinsu.

To, kunnen ne ya mutu, ba wanda ya zo ta'aziyya. Shekara da shekaru yana tsakanin rurin inji da kukan injin yankan ƙarfe na maƙwabcinsa mai walda. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi a hankali, har ya zama sai an matso an ɗaga murya. Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ake kira Mai Kunne, da wane baki zai ce ba ya ji? Sai ya koyi kallon leɓe, ya kuma sami kalma ɗaya da yake rufe kowane rami da ita. Duk abin da ya wuce shi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." 'Yan gareji sun gane sarai. Mai faci ya sani, mai fenti ya sani, amma sai su haɗa ido su yi murmushi. Su a ganinsu girmamawa ce. Ni dai ban taɓa ganin girmamawa mai mugunta irin wannan ba.

Auta ya daɗe yana zaman kashe wando kafin ya sami tuƙi a wurin wasu masu haƙa rijiyar burtsatse. Aikin gwaji ne, kuma maigidan ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: motar nan ta lalace a hannunka, ka ajiye makulli. Da damina ta yi tsakiya aka tura shi wani ƙauye da hanyarsa ba hanya ba ce, taɓo ne da kududdufai. Ya dawo da a-kori-kurar ta yi dumu-dumu da laka, fitilar batir tana ƙyaftawa a gaban sitiyari. Don tsoron faɗa ya fara biyawa wurin wankin mota, suka ɗaga bonet suka feshe injin da ruwa mai ƙarfi. Waje ya yi fes, lakar kuwa ta ƙara shigewa inda hannu ba ya kaiwa.

"Yaya, don Allah duba mini ita da kyau," in ji Auta. "Gobe can za mu koma, kuma ka san halin da nake ciki."

Wannan kam Mai Kunne ya gane, don yana kallon bakinsa. Ya kuwa yi aiki tsakani da Allah. Ya kankare busasshiyar lakar da ta toshe ramukan iskar altaneta. Ya zare soket ya goge tsatsar da ruwa ya fara sa masa. Ya latsa bel da babban yatsa, ya ga ya saki, ya ɗaure. Ya wanke kan batir, ya sa mita, allura ta tsaya inda ake so. Fitila ta mutu. Saura aiki ɗaya, wanda shi ne sunansa.

Ya ɗauko sukudireba, ya manna, ya lumshe ido. Shiru. Abin da ya daɗe yana ji ke nan a kowace mota, mai lafiya da marar lafiya. Alhali a lokacin boris ɗin yana wani siririn kuka na yashin da ya shige shi, har mai faci ya ɗago kai daga tayar da yake liƙa, ya dubi mai fenti, kowa ya mayar da kai ga aikinsa. Auta yana tsaye a bayan yayansa, ya ce, "Yaya, ni kamar ina jin wani fito-fito. Ko kunnena ne?"

Mai Kunne ya ga inuwa ta motsa, ya san an yi magana. Ya sauke bonet, ya ce, "Madalla."

Auta ya saki ajiyar zuciya. Tun yana yaro bai taɓa jayayya da kunnen nan ba.

Washegari, a tsakiyar daji, boris ya cije, bel ya tsinke. Bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwan da ke sanyaya inji, Auta kuwa ya matsa don ya fita daga taɓo kafin ya tsaya. Kafin ya kai tudu inji ya dahu. Janyo motar aka yi, aka karɓi makulli a gaban leburori.

Da la'asar Auta ya shigo gidan yayansa, wando duk laka. Mai Kunne na zaune a tsakar gida a kan tabarma, yana gyara wa jikarsa tocila. Auta ya tsuguna nesa kaɗan, kai a sunkuye, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Leɓen ba ya ganuwa. Mai Kunne ya jira ya ga ya yi shiru, ya faɗaɗa fuska, ya ce, "To, madalla. Madalla!"

Auta ya ɗago. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙe ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Matar Mai Kunne ta ajiye tsintsiya. Ita ma ta daɗe da sani, ta daɗe tana rufa masa asiri, har ta saba tsayawa ta hagunsa kamar ba da gangan ba. Yau ta durƙusa, ta kai baki saitin kunnen, ta ɗaga muryar da ba ta taɓa ɗaga masa ba.

"Malam, cewa ya yi inji ya buga! Cewa ya yi an kore shi!"

Wannan kam ya ji. Maƙwabta ma sun ji.

Mai Kunne ya je gidan Auta ya faɗi gaskiya, ya ce kunnen ya daɗe da tafiya. Auta ya saurara har ƙarshe, bai yi faɗa ba. Ya dai matso, ya tsaya inda yayansa zai ga bakinsa sosai, ya ce, "Da ka faɗa mini, Yaya, ai da na ara maka nawa."

Har yanzu Mai Kunne yana buɗe rumfarsa. Yana canza fis, yana haɗa wayar fitila, sukudirebar tana rataye a ƙusa. Auta yana lodin kaya a tasha, kuma kullum ta gaban rumfar yake wucewa. Ba ya fasa gaisuwa, sai dai da hannu yake yi, daga nesa.