Kaset ɗin Iya a Gwangwanin Madara

Kafin in fara, ina neman afuwa. Tafiyar nan ta ɗan kwana biyu, kuma ban rubuta komai a hanya ba, domin hannuna ɗaya yana rungume da gwangwani, ɗayan yana riƙe da ƙofar mota. Mai yiwuwa wata magana ta sauya wuri a kaina, ko in ɗora wa wani abin da wani ya faɗa. Farashi kuwa ba zan kawo ba, kafin ku karanta ya canza.

Kakata, wadda muke kira Iya, a Zurmi take zaune. Idonta ya yi rauni ƙwarai, abin da ya rage mata na ɗebe kewa shi ne tsohuwar rikodarta da kaset guda ɗaya tak. Kiɗan gayya ne da wani ya ɗauka a gonar mijinta, kakana Mamman, wanda ya rasu kafin a haife ni, aka mayar mini da sunansa. Shi ya sa Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. A farkon damina rikodar ta mutu, mai gyara ya ce a yi mata addu'a. Ƙanwata Hindatu, da ke aure kusa da ita, ta bugo mini waya ta ce Iya ta daina tsokanar mutane, fura ma sai an yi da ita. Layin yana yankewa, amma na ji ta ce a sawo wata, kuma Iya ta ce lallai mai eriya. Na maimaita, na ce, “Mai eriya?” Na ji wani abu mai kama da “e”, waya ta katse. Washegari kaset ɗin ya iso hannun wani direba, a naɗe cikin ɗankwali, a cikin gwangwanin madara. Babu kwafinsa ko'ina a duniya.

KAURA NAMODA

Na fara da shagunan garinmu, tunda nan nake koyarwa. Duk inda na ce rikoda mai kaset, sai a dube ni kamar na tambayi kuɗin wuri. Wani mai shago ya ce, “Malam, digirin naka na tarihi na?” Ya zube mini abin da ake yayi. Na zauna na auna su ɗaya bayan ɗaya, wataƙila fiye da yadda ya kamata.

Waya mai memori tana da sauƙi, amma maɓallanta ƙanana ne, kuma a gidan Iya waya ba ta kwana a hannun mai ita. Sifikar nan da ake haɗawa da waya tana da amo, sai dai ba ta motsi sai da waya, an koma gidan jiya ke nan. Akwai ɗan ƙaramin nan mai igiyar kunne, amma matar da ba ta gani, in aka toshe mata kunne, da me za ta amsa sallama? Saura rediyo mai cin memori. Shi ma kashi biyu ne, mai caji da wutar lantarki da mai sola a bayansa. Duk da haka zuciyata ta fi kwanciya da a samo irin abin da hannunta ya saba da shi. Aka ce in gwada kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, can 'yan Nijar ke kawo tsofaffin kaya.

HANYAR SHINKAFI

Na yi asuba na isa tasha da sauran duhu, kamar yadda matafiya ke yi a da. Na tarar da direbobi suna shan shayi. Babu mai taɓa mota yanzu sai rana ta fito sosai, kuma sai an ga motar farko ta shigo daga can. Na zauna a benci ina kallon agogo har hantsi ya ɗaga. Mu huɗu aka cusa a baya, biyu a gaba, ga buhun barkono a but yana sa mu atishawa.

Gero ya yi tsawo har ya rufe gefen titi. A da abin sha'awa ne, yanzu kowa kallonsa yake yi yana motsa leɓe da addu'a, don ba a san wa ke ɓoye a ciki ba. A wani shinge bayan Moriki, in ban rikita wurin ba, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i matashi ya nuna gwangwanina.

“Mene ne a ciki?”

“Kaset ne, ranka ya daɗe.”

Ya buɗe, ya warware ɗankwalin, ya ɗaga shi sama yana leƙa ramukan. Na ce don Allah kada ya taɓa zaren. Ya kira wani babba daga cikinsu, shi kuwa ya yi dariya ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana makarantar firamare. Suka miƙo mini. Na sake naɗewa, direba yana ta danna oda.

KASUWAR SHINKAFI

Mun shiga gab da azahar. Bayan na yi salla na ci hoce, wainar dawar nan ta yankinmu, da ƙuli a tsaye, na bi layin masu rediyo. Can ƙarshen layi na sami wani mutumin Nijar, baƙi siriri, mai rawani ruwan toka, da rikoda uku a kan tabarma. Biyu ba su da murfi. Ta ukun ya rantse mini lafiyarta lau, pil kawai take so, wato batir.

Na ce a gwada ta da wani kaset. Ya ce ba shi da ko ɗaya. Na ce to bari in yi tunani. Ban gama rufe baki ba ya zare kaset ɗin Iya daga hannuna, domin na yi wautar fito da shi ina nuna masa, ya jefa a ciki ya danna. Ganga ta yi bugu uku ko huɗu, sai murya ta ja kamar ta mashayi, sai wani ƙas-ƙas.

“Tsaya! Tana cin zare!”

“Haba patron, ɗumama take yi.”

“Kashe ta, don girman Allah!”

Ya kashe. Da muka buɗe, zaren ya naɗe a jikin wani ɗan ƙarfe kamar taliya. Ban san lokacin da na durƙusa a ƙasa cikin farar shaddata ba. Na karɓi tsinken tsire a hannun wani, na dinga lallaɓa shi a hankali, mutane sun kewaye ni kowa da shawararsa. Wani ya ce a yanke a liƙe da jan farce. Na ce wanda ya kawo reza kusa da ni sai mun je gaban alƙali. Allah ya taimake ni zaren ya fito bai tsinke ba, ya dai yamutse kamar tsawon taƙi ɗaya a farkon kiɗan. Na sa biro na juya shi ya koma ciki. Mai rawani ya ce to yanzu nawa zan saya. Ban amsa ba, kuma har yau ina ganin shirun da na yi ibada ce.

Nan na yanke ƙauna da rikoda. Na koma wani shago na zaɓi rediyo mai memori, mai sola a baya, maɓallansa manya guda biyar da yatsa zai iya bambancewa. Na sa aka zaro eriyar kowanne aka jera, na ɗauki wanda tasa ta fi tsawo, tunda abin da aka jaddada mini ke nan. Amma ta yaya kiɗan zai tashi daga kaset ya shiga memori, wannan ban sani ba. La'asar ta yi, motoci sun daina fita. Na kwana gidan wani abokin karatuna, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka. A Shinkafi ne, amma ko ƙwayar shinkafa ban gani ba.

TASHA, DA SAFE

Motar da ke kan layi wata tsohuwar wagon ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Ana kiran direban Dogo. Ina zama na ji wa'azi yana tashi, na duba, sai ga kaset yana juyawa a gaban mota. Na tambaye shi ko tana cin zare.

“Wagga? Mai take ci, ba zare ba.”

Na sa ya cire nasa ya mayar sau uku ina kallo. Sannan na roƙe shi, na roƙi fasinjoji, a ba ni ɗan lokaci kafin a tashi. Muka shiga ni da shi, muka ɗaga gilasan da ke ɗaguwa, na kanga wayata a bakin sifika na kunna ɗaukar sauti, na yi bisimilla na tura kaset ɗin.

Wurin da ya yamutse ya wuce da 'yar rawar murya, sai ganga ta miƙe. Makaɗin yana bin manoman ɗaya bayan ɗaya yana wasa su. Gumi yana zuba mini, wani mai kaji yana ƙwanƙwasa gilashi yana nuna rana. Can tsakiya na ji an ce, “Mamman na gaban gayya, kunyarka ba ta karkata!” Ana gama kirarin sai na ji tari, ƙoho-ƙoho, da wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Na juyo na harari Dogo. Ya buɗe hannuwa. Da aka gama na ce ya ɓata mini ɗauka a daidai wurin da ya fi muhimmanci.

“Wallahi ba ni na ba!”

“Mu biyu ne a motar, Malam Dogo.”

“To kai na. 'Yan boko ko tari kunka yi sai ku ce gwamnati ta.”

Fasinjoji sun fara zagi, babu halin sakewa. Har muka iso Kaura ban yi masa magana ba.

ZURMI

A tashar Kaura na sa katin memorin rediyon a wayata na tura kiɗan, na mayar da shi cikin rediyon, na hau motar Zurmi ko gida ban leƙa ba. Shinge biyu ko uku, ba wanda ya kula da gwangwanin. Na isa bayan an sauko daga Juma'a.

Iya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame fiye da yadda Hindatu ta faɗa.

“Maigida, kai na? Sai yau ka tuna kana da mata?”

Na fara miƙa mata gwangwanin. Ta buɗe ta shafa kaset ɗin ta tura ƙarƙashin cinyarta. Sannan na ɗora mata rediyon a hannu, na zaro eriyar har ƙarshe. Ta bi ta da yatsa.

“Wanga tsinke hwa? Kaza za ni kora da shi?”

“Eriyar da kika ce, Iya.”

“Mi nic ce?”

“Mai eriya.”

“Tariya nic ce! Mai tariya! Wadda in an wuce wuri a maido shi baya.”

Na dubi Hindatu, Hindatu ta dubi tukunya. Na danna maɓallin baya ina fata, sai kiɗan ya koma tun daga farko. Na danne shi na riƙe, haka dai. Rediyon nan bai san tariya ba, tsalle kawai ya iya. Ashe Iya ba ta taɓa jin kaset ɗin duka ba. Wuri ɗaya take ji, ta tariyo, ta sake ji, in batir ya yi sanyi ta sa kara ta juya da hannu. Yanzu kuwa kafin a zo kan mijinta sai ta saurari kirarin mutum bakwai ko takwas, cikinsu har da wani Bawa da ta ce ya ci musu iyakar gona.

“Ni zan zauna ana wasa Bawa cikin gidana? Ɗauke abinka.”

Ta ture shi. Na zauna ina tuna tsinken tsire da farar shaddata. Can na tuna wayata tana iya yanka sauti. Na nemi wurin, na yanko kirarin kakana shi kaɗai, daga inda aka ambaci sunansa zuwa inda ganga ta sauka, na tsaya daidai kafin tarin Dogo don kada ta ji ƙazantar aikina. Na goge dogon kiɗan daga katin, na bar guntun, yadda in ya ƙare zai sake farawa da kansa. Na kunna.

Ta saurara, kanta a sunkuye. Ya ƙare ya sake farawa. Ta ɗago.

“Ina sauran?”

“Ai ke nan, Iya. Kirarin ya ƙare.”

“Kirari na makaɗi na, an biya shi ya faɗa. Ina tarin?”

Na koma kan dogon kiɗan da ke wayata, na ƙara gaba kaɗan, na kai sautin ƙarshe. Tari sau biyu. Sai muryar wani mutum kusa da rikoda, mai ɗan kauri, kamar yana jin kunya: “Ya isa hakanan, a koma aiki.”

Iya ta ce, “Shi na.”

Ban taɓa jin muryar kakana ba sai ran nan, ko in ce na ji ta a tashar Shinkafi na harare ta. Na sake yankawa, wannan karon da tarin a ciki. Na kama yatsanta na nuna mata maɓallin kunnawa, na ce da hantsi a ajiye shi a rana. Ta sa shi ya zagayo ban san sau nawa ba. Sannan ta ce wa Hindatu a dama fura, kuma a ba Maigida a ƙaramin ƙoƙo, tunda kunnensa ma rabi ne. Eriyar kuwa ta ce a bar ta a miƙe, ta sami wurin rataye carbi.

KOMAWA

Na kwana, na dawo Kaura da hantsin Asabar lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa abokina da ya sauke ni a Shinkafi, da fasinjojin da suka sha rana saboda mutumin da ba su sani ba. Duk wanda ya shaida wani abu daga cikin wannan, a shinge ko a kasuwa ko a tasha, ya ga na kauce, ya aiko mini da gyara zan karɓa. Hindatu ta riga ta aiko da nata, ta ce tariya ta faɗa, kuma ban isa in rantse ba. Wanda kuma ya riga ni ganin Dogo a tashar Shinkafi, don Allah ya gaya masa na gano mai tarin, ba shi ba ne, ya yafe mini.