Kakar Kalmar Haƙori

Jiya na kai ɗiyata wurin likitan haƙori a garin Wendover, sai Malam ya faɗo mini a rai, maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta daga Damagaram. Can na taɓa kai shi. A mota, ƙamshin turarensa ya cika ko'ina, ya ƙwanƙwasa haƙorinsa da farce ya ce, "Ɗana, Faransawa na cewa dent, Indiyawa dant, Ingilishi tooth. Kakarsu ɗaya ce, dont. Masu ita ba su rubuta ta ba, masana ne suka bi sawunta."

Hankalina na kan cunkoso, na ƙara muryar rediyo. Bai sake ɗauko zancen ba har ya rasu.

Allah ya jiƙan Malam, ni kuma ya yafe mini rediyon nan.